Guggurun Adjamé, da Abin da Ban Faɗa Maka Ba

Zuwa ga Maigida, Baban Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu dai muna nan kalau, sai kewa. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, yau na ga gara in sauke kafin in biyo ka da ita.

Ka tuna zamanmu a unguwar Treichville, lokacin yaƙin Turawa, kana fawa a kasuwa? Kullum bayan la'asar sai ka shigo da ƙullin kitse a ganye, ka ce in soya maka gugguru. Masara ta yi ninƙaya a cikin kitse, a barbaɗa gishiri kamar ba gobe, ka jawo ƙwaryar gabanka ka ce, "Wannan shi ne hutun mahauci." Ni kuwa amarya, murna nake ina ganin kana cika riga.

Har ranar Juma'ar da aka sallame salla a babban masallaci, kowa ya miƙe ban da kai. Mutum biyu suka kama ka, suka rako ka gida kana haki. Ka ce tabarma ce ta riƙe maka ƙafa. Na yi dariya a gabanka, amma da na shiga madafa sai da na yi kuka.

A asibiti lokotoro ya duba ka, ya ce ka bar kitse, ka rage gishiri, in kana son ganin girman 'yarka. Ka dawo kana faɗa, wai mutumin da bai taɓa cin guggurun kirki ba ina shi ina yanke masa hukunci.

Nan na shiga neman dabara. Man gyaɗa ya yi wuya a lokacin, ko ganinsa ba a yi. Maƙwabciyarmu Bajula ta ce in ɗiga manja kaɗan. Hayaƙi ya kore mu daga ɗaki, gugguru ya fito ja wur, gemunka ma haka. Ka fita salla a haka ba ka sani ba, abokanka suka yi ta tambayarka ko ka fara lalle.

Sai na tuna yadda Innata ke yi a Dogondutsi, da yashi mai zafi a kasko. Laifina ɗaya, yashin bakin lagun, tafkin nan da ke haɗe da teku, na ɗebo. Gugguru ya tashi fari tas, gwanin sha'awa, amma ƙarnin kifi ya bi shi har ciki. Magunan unguwa kaf suka zo gaisuwa. Kai kuma ka yi baƙi daga Maraɗi ranar, ka miƙa musu da alfahari, ina daga tsakar gida ina jin ƙaras, ƙaras, kamar ana niƙa a dutse. Da suka tafi ka ce, "Uwar Hadiza, lokotoro cewa ya yi ki rage mini kitse, bai ce ki rage mini haƙora ba."

Bayan nan ka daina tambayar gugguru. Sai ga shi kusan kullum kana da shanun da za ka dubo a unguwar Adjamé. A ƙafa kake tafiya, ka tsallake gadar nan da ke lilo bisa ruwa, ka ratsa unguwar Plato, ka dawo gab da magariba rigarka na ƙamshin kitse. Shanu ba sa ƙamshin suya, Maigida. Na san gidan yayarka Hassu kake zuwa.

Wata safiya na yafa mayafi na tafi da niyyar rigima. Tun daga ƙofa na fara: Yaya, so kike ki kashe mini miji? Ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki, ta nuna mini tukunyar ƙasa busasshiya, ko ɗigon mai babu. A ciki take zuba masara, ta rufe, ta yi ta girgizawa bisa garwashi har ta gama fashewa, ta ɗan watsa citta da gishiri ɗan mitsitsi. Kitsen da kake kai mata kuwa, ɗan yanki take jefawa cikin wuta, hayaƙin ya cika tsakar gida. "Tun yana yaro da hanci yake ci," in ji ta. "Ki bar shi yana zaton sata yake yi, ya fi masa daɗi." Muka yi dariya har muka zauna a ƙasa.

To ka ji. Duk shekarun nan guggurun marasa lafiya kake takawa har Adjamé ka ci. Tafiyar ta zuge maka ciki, hakin ya tafi, ka ga girman Hadiza, ka ɗauki 'ya'yanta a kafaɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na koyi tukunyar, nakan yi maka irinsa sak a gida. Ka ɗanɗana ka ture, ka ce babu laifi, amma akwai hannun da Allah ya yi wa baiwa. Ka faɗa mini haka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ni kuma in sunkuyar da kai in ce gaskiya ne. Amsa tana bakina, amma na fi son ka da rai a kan in ci gardama.

Na yafe maka wannan, kai ma ka yafe mana, ni da Yaya Hassu. Ga ta can ta riga ni zuwa, in kun haɗu kada ka tsananta mata.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya haskaka shi. Allah ya sada mu a inda babu lokotoro, inda zan soya maka da kitse da hannuna, ka ci har ka ce ya isa.

Taka har kullum,
Uwar Hadiza