Reshen da Maccido Ya Kafa

Daga Arzika mai tsaron maƙabarta a Sakkwato, zuwa ga ɗana Maccido, mai ban ruwa a lambun Bature, Kaduna. Ni ka faɗi, Malam Sodangi ka rubutawa.

Gaisuwa da sa albarka. Bayan haka, ka tuna ranar da munka rufe uwarka Mariyatu? Anka ce a kafa ɗanyen reshe bisa kabarin, ya yi mata tasbihi kamin ya bushe. Kai kuwa da za ka zo ta'aziyya daga Kaduna ka karyo na shingen ubangidanka, mai fure ja da ruwan ɗorawa, ka kafa. To, bai bushe ba. Damina huɗu ke nan. Tsuntsaye na cin 'ya'yanai suna kashi ko'ina, icen ya cinye gabashin maƙabarta duka. Kaburbura ba su da suna, dutse ne da fasasshiyar tukunya, sai kaina da ya riƙe kowa, tun waɗanda sunka faɗi ranar shigowar Nasara. Yanzu ba na ganin dutsen. Tambayi ubangidanka maganin abinai. Wassalam.

Zuwa ga Baba, bayan gaisuwar girmamawa.

Na tambaya. Ya ce sara ƙara masa ƙarfi yake, sai dai a tone saiwa ko a sa wuta da rani. Har ya yi mamaki, wai bai zaci zai rayu a zafin Sakkwato ba. Baba, ka nemi majiya ƙarfi su taya ka. Allah ya sani ado na so yi wa Inna. Ɗanka, Maccido.

Maccido,

Wuta bisa Musulmi? Kaduna ta cinye maka hankali. Saiwar kuwa, ina kake zaton ta nufa? In na tona, wa nika tonowa? Majiya ƙarfi sun zo da adduna, na kore su, taka mutane sukai ba su sani ba. Ni kaɗai nika sara. In share nan, can ya rufe. Shekaranjiya Atika maƙwabciyarmu ta turo a nuna wa jikanta kabarin kakansa, sai da na yi rarrafe cikin ƙaya. Amma na nuna. Ban taɓa ɓatar da mamaci ba. Wassalam.

Ɗana,

Gaisuwa. Ranar Juma'a na tahi wurin uwarka. Na yi ta zagaye har la'asar, ban gane kabarinta ba. Na yi addu'a inda na tsaya. Mutane na ta zuwa tambaya, ni kuwa ina nuna musu ko ban gane wurin ba. Malam Sodangi ya rantse ba ya faɗa wa kowa. Kai ma ka yi shiru.

Ubanka, Arzika.