Ni Malamin Kutare Ne, Ana So A Raba Ni Da 'Ya'yana

Assalamu alaikum Malam Edita da dukkan masu karatu. Ina roƙo a sakaya sunana, ko da yake na san mutanen ƙasarmu za su gane ni. Shawara nake nema a wurinku don girman Allah, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni mutumin Yako ne a ƙasar Kiru, ma'aikacin lafiya na hukumar En'e, ni ke raba wa masu kuturta ƙwayar maganin nan da aka fito da ita. Keke aka ba ni da akwatin magani, yau ina Yako, gobe Badafi, wata rana in nausa har wajen Tudun Wada. A gindin bishiya nake zama, kowa ya haɗiye tasa a gabana, mai miki in wanke masa in ɗaure. Sunana na yanka ya ɓace a gari, Malamin Kutare ake ce mini, ban kuma taɓa jin haushi ba, don da idona na ga mutanen da aka fitar da rai da su sun samu sauƙi.

Lokacin da mai ɗakina take raye ban san gida aiki ba ne. Nawa shi ne in yi ban ruwa a lambun da na gada a fadama, albasa da tumatir da ɗan alayyafo, in hau keke in tafi, in dawo in tarar da tuwo a rufe. Daminar bara Allah ya karɓe ta wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ta bar mini 'yar farinmu, Ladi, wadda ba ta wuce shekara goma ba, da ƙaninta Audu, ga kuma mahaifiyata, Iya, da idonta ya rufe tun da daɗewa.

Bayan an share makoki na fara gane matsayina a unguwa. Ashe duk shige da ficen da mata ke yi a gidana albarkacin marigayiya ne. Na aika da gero maƙwabta a surfa mini, aka dawo da shi wai turminsu ya tsage. Ko wuta an daina ɗiba a gidanmu. Na nemi aure gida biyu, na farko suka yi ta yi mini hanya-hanya har na gane, ta biyu kuwa bazawara ce, ta aiko mini ƙarara cewa ba za ta iya wanke rigar da ake taɓa miki da ita ba. Na yi bayani har na gaji, cewa ina wanke hannu da sabulu, cewa likita ya ce wanda ke shan magani ba kasafai yake shafa wa wani ba, ba wanda ya saurara.

Haka na koma ni ne mijin ni ne matar. Ina idar da sallar asuba sai rijiya, in cika randa, in dama koko, in kai Iya bayan gida in dawo da ita, sannan in ruga fadama in ja jigo har kafaɗata ta ƙage. Kafin in sa kakina in hau keke rana ta take, in tarar marasa lafiya sun gaji da jira. Da yamma in dawo in kama muciya. Tuwona na farko duk gudaji ne, Audu ya ture kwanon yana kukan uwarsa, Iya kuwa ta cinye nata tas tana sa mini albarka, wannan ya fi kukan yaron ƙona mini rai.

Da rani ya tsananta lambu ya fara bushewa. Akwai wani dattijo cikin masu karɓar magani, Baba Tanko, daga wajen Doguwa ya taso, ya yi bukka a bayan gari don ya kusanci magani, yatsunsa sun guntule amma ya samu sauƙi sosai. Shi ya tare ni ya ce, "Malam, ka bar mini ban ruwan nan, zaman banza ya ishe ni, igiyar guga ko a wuyan hannu sai in naɗe ta." Na amince. Wallahi ban taɓa ganin albasata ta yi kyau irin na bana ba. Amma labari ya riga ni zuwa kasuwa, na kasa ta tun hantsi har la'asar, mutane na ratsewa. Muka ci wadda za mu iya, na raba wa marasa lafiya, sauran ta ruɓe a rumfa.

Duk wannan da sauƙi. Wata rana ina Badafi, Ladi ta ga yamma ta yi ban dawo ba, Audu na kukan yunwa, sai ta ɗora tukunya. Wajen saukewa miya ta kife mata a hannu tun daga gwiwar hannu har yatsu. Iya ta ce ita kuma ta yi ta ihu tana lalube, tana jin motsin mutane a bayan danga, ba wanda ya shigo. Baba Tanko ne ya jiyo daga hanyar fadama ya shigo ya tsoma hannun a ruwan randa. Da na dawo, abin da yarinyar nan ta fara ce mini shi ne, "Baba, ka yi haƙuri, miyar ta zube."

Washegari ban fita aiki ba, na zauna jinyarta. Da mako ya zagayo na je ƙauyen da na tsallake, aka ce mini wata mata da ke tahowa a ƙasa daga nesa, da ƙafa duk miki, ta zauna jirana har rana ta faɗi. Har yau ba ta sake zuwa ba, ban kuma san inda zan same ta ba. Na tsaya a gida na cuci wata, na fita na cuci 'yata.

Labarin ƙunar ya kai Bebeji wurin yayan marigayiya, Yaya Garba. Ya zo, ya ƙi zama a tabarmata, ya ƙi shan ruwa. Ya duba hannun Ladi, ya ji wanda ya taimake ta, sai ya hau ni da faɗa a gaban Iya, wai na mai da 'ya'yan ƙanwarsa bayi, na haɗa su da kutare, wai nan gaba wa zai auri yarinyar da ta tashi a irin wannan gida. Ya ce kafin ruwan shuka ya sauka in zaɓa, ko in ajiye aikin in kama noma kamar kowa, ko ya zo da manya ya tafi da yaran. A cikin maganarsa akwai gaskiya, kuma matarsa mutuniyar kirki ce, na san ba za su wulaƙanta a can ba.

Na je na sami likitan da ke zagayo mana na faɗa masa. Ya jinjina kai ya ce ba zai hana ni ba, amma in sani samun wanda zai karɓi wannan aiki sai an daɗe ana nema, kuma wanda ya katse magani ciwonsa dawowa yake yi. Iya kuma ta ce ita ba ta da ta cewa, duk abin da na yanke daidai ne, amma tun ranar ta rage cin abinci, na san gani take ita ce nauyin.

Jiya da safe ina shara na ga ƙullin ɗankwali a bayan randa, na kwance, sai ga zannuwan Ladi a ninke, na mayar na ƙulle. Na kira ta na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, na ji abin da Kawu ya ce. Ni sai in bi shi, ka bar Audu a wurinka, shi ba ya iya barci sai a bayanka. Amma ka nuna wa Baba Tanko yadda ake jan Iya, ba ta son a yi sauri." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada ta ga fuskata.

Jama'a, hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ajiye aikin, in bar mutanen da ba su da kowa sai Allah sai wannan keken nawa? Ko in miƙa 'ya'yana, in zauna daga ni sai makauniyar uwata a gidan da ba mai shigowa? In akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko malami da ya san abin da ya fi nauyi a kaina wurin Allah, ya taimaka ya faɗa mini. Ƙullin kayan yarinyar nan yana nan inda ta ajiye, na kasa ce mata ta kwance, na kasa ce mata ta ɗauka.