Sun Kewaye Mana Bola da Waya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso, wai in tattara in dawo wurinki tunda an rufe mana bola. Na gode, amma ba zan zo ba.

Kin dai ji sabon tsarin gwamnati na bunƙasa arziki ba tare da ɓata muhalli ba. Ranar da rediyo ya ce shara dukiya ce, har guɗa muka yi. Shekara ashirin da biyu ina tsintar roba, dangi na kau da kai in sun gan ni, sai ga manya sun yarda da abin da hannuna ya sani. Ashe ba da mu ake ba. Ranar Litinin muka tarar da shingen waya da mai gadi, an ba wani kamfani kwangilar wurin. Manajan ya ce tantance roba sai mai takardar makaranta. A cikinmu mu talatin da ɗaya za su ɗauki takwas, aikin shara. Da ya miƙo mini tsintsiya, na ajiye masa abarsa a kan tebur na fito. Ko waiwaye ban yi ba, Yaya.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Yayata,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta saki.

Mun kama hayar bayan wani tsohon gidan burodi. Tunda sun tare bola, mu kuma muka tare robar tun kafin ta kai can. Da baro muke bin gidaje da shaguna da wuraren biki. Ba zan ɓoye miki ba, mun sha wuya. Ruwa ya jiƙe mana kayan mako guda, tarina kuma ya dawo. Gwaggo Doguwa, wadda ta koya mini sana'ar, ta koma ta karɓi tsintsiya saboda marayun jikokinta. Na yi kuka, amma ban ga laifinta ba.

Mun haɗa ƙungiya, amma da na je yi mata rajista, sau huɗu ofishin suka maido ni. A na biyar na zauna a bakin ƙofa da buhun gorunan ruwa, na ce tunda tsarin ya ambaci ƙananan ƙungiyoyi, sai a faɗa mini ko mu duwatsu ne. Kafin a tashi aiki suka buga hatimi.

Ki ci gaba da sa mu a addu'a.
Auta.

Yaya tawa,

Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Tarin ya yi sauƙi.

Ga labari. Masana'antar da ke narka roba ta maido wa kamfani mota uku, saboda sun haɗa robar gora da ta bututu, ta ɓata narkin. Namu kuwa ko ɗauri ɗaya ba a maido ba. Ni da na matsa roba na ji ƙararta, na san irinta.

Shekaranjiya sai ga manaja, ya zauna a kan buhu don ba mu da kujera. Ya ce zai ɗauke ni ni kaɗai in horar da ma'aikatansa, da albashi mai tsoka. Zuciyata ta kwaɗaitu, ban musa ba. Sai na dubi matan da muka tura baro tare, na ce masa ko mu duka ko babu, da sunan ƙungiyarmu a takarda, da safar hannu, da rumfa, a kuma ɗauke Gwaggo Doguwa daga shara. Ya tafi fuska a murtuke. Yau da safe ya dawo da takardar, ɗiyar maƙwabciyata malamar makaranta ta karanta mana ita sau biyu kafin mu dangwala.

Gobe zan fara koya wa masu digiri aiki. Na aika musu su zo da wuri, kuma duk wanda ya toshe hanci a gabana ya koma gida.

Ki gaida maigidan da yara.
Taki har kullum, Auta.