Lallen Hannun Inna Ba Aikin Kwamfuta Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyarmu ta Masu Ɗaukar Hoto, Gaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ranka ya daɗe, kwamitinka ya cire hotona daga baje kolin bana. Hoton baƙi da fari ne, na hannuwan mahaifiyata tana ɓare gyaɗa a Toranke. An ce jan lalle ba ya fitowa baƙi ƙirin haka, wai a kwamfuta na zana shi. Da farko ni kaina na yi shakka, don na san ina yawan kuskure. Sai na roƙi Inna ta sake ƙunshi, na maimaita aikin. Abin da na gani ya hana ni zama!

Na ɗaya: a kyamarar fim, koren gilashi na ɗaura a gaban idon kyamarar. Kore yana tare jan haske, sai lallen ya yi duhu, tafin hannu ya fito fes. Da na sa jan gilashi, lallen ya kusa ɓacewa, kamar ba ta taɓa ƙunshi ba. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Na biyu: na gwada da waya, kuma ba zan zalunce ta ba. Ita ma tana iyawa, har ta fi sauƙi, tunda bayan ɗauka kake zaɓen launin, in bai yi ba ka canza. Amma da na matsa don lallen ya kai wancan duhun, sai fatar ta yi dabbare-dabbare, layukan tafin Inna suka dagule. Wataƙila wayata ce ba ta da ƙarfi, ban sani ba. Gilashi kuwa yana cin haske, kuma in ka zaɓa ba daidai ba, fim ya tafi.

Roƙona shi ne a ba ni dama in kawo fim ɗin da gilasan gaban kwamiti, kowa ya ɗaga ya duba da idonsa. In na yi ƙarya a kore ni. In ban yi ba, a mayar da hoton bango, domin Inna ta riga ta gaya wa duk matan unguwa, har sun yi maganar motar da za ta kai su kallo.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya sa ka gama shugabanci lafiya.

Wassalam.
Sabo Mai Hoto, Ajingi.