Bakin Inna Ya Karkace

Tudun Kaya, Karaye.

Baban Nusaiba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Legas? Nusaiba na gaishe ka.

Ka kwantar da hankalinka kafin ka ci gaba: mahaifiyarka tana raye, yanzu ma tana tsakar gida tana yi min faɗa a kan tsintsiya.

Ranar Litinin da la'asar muna ɓarar gyaɗa sai na ga ƙwarya ta suɓuce daga hannun Inna na dama. Bakinta ya karkace, gumi ya jiƙa ta, magana ta ƙi fita. Mata suka cika gidan, kowa na cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Na miƙa mata ruwa, ta datse haƙora. Wallahi na ji tsoro. Ƙaninka Ilu ya samo mota muka yi asibiti.

Ina faɗin tana da ciwon suga, likita ta tsaga mata yatsa ta auna, sai aka ɗura mata ruwan suga ta jijiya. Ina tsaye bakin ya koma daidai, ta ɗaga hannun ta gyara ɗankwalinta. Likitar ta ce faɗuwar suga kan kwaikwayi shanyewar jiki sak, farfaɗiya da wani irin ciwon kai ma haka, kuma ba a iya rarrabewa a gida, gara da muka yi sauri.

Abin da ya tsaya min: me ya faɗar da sugan? Kullum ina kai mata abinci, kwano na dawowa wayam. Ka san ni, sai na gano.

Taka,
Lauratu.

Baban Nusaiba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na gano. Kajin Inna ne suka tona ta, don na rasa dalilin ƙibarsu.

Azumi take yi a ɓoye, wanda likita ta hana ta. Tuwon rana kaji ke cinyewa. Ƙwayar maganin suga ta safe da ta yamma kuwa takan haɗa ta shanye da sahur, wai kada ta saɓa wa asibiti.

Na matsa mata, da ƙyar ta faɗa, idonta na kan tabarma. Bakance ta yi. Ta lura da abin da nake jin nauyin rubuta maka: ina da juna biyu. Bayan ɓarin da na sha yi, ta yi alkawarin azumi idan wannan cikin ya zauna. Na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Malam Ƙasimu, malamin unguwarmu, ya ce ta ciyar a madadin azumin, ta ƙi. Likita ta yi magana, ta ƙi. Sai na tambaye ta wa zai dafa min ruwan wankan jego in ta tafi. Nan ta ce in miƙo kwanon.

Kajin sun fara ramewa. Ka zo gida.

Matarka,
Lauratu.