Taƙin Baba Tamba

Litinin, 2 ga Satumba

An damƙa mini manhajar ƙungiyar manoman shinkafa ta fadamar Argungu, wadda ke tura musu saƙon waya in ruwan gulbi ya kusa cin gona: ku girbe, ko ku dakata. Malam Sahabi da ya rubuta ta ya ajiye aiki, yanar ido. Na buɗe ina zaton kod zan gani, sai ga littafi. Shafi tamanin na Hausa zalla, kod ɗin a warwatse cikin surutu kamar tsakuwa a shinkafa. Wai sai wata ƙaramar manhaja ta tsince shi ta haɗa kafin kwamfuta ta fahimta. Na raɗa mata suna Iyayi.

Laraba, 4

Kwana biyu kafin Iyayi ta yarda ta tashi. Ta ce kuskure na layi na 412, littafin kuma ba shi da lambar layi. Ni Dinatu, da na fi kowa maki a ajinmu na poli, wannan abin zai mai da ni 'yar koyo? Ba a haife shi ba.

Alhamis, 5

Na kama tsoho da kuskure! Mai auna mana ruwa, wani masunci Baba Tamba, da taƙin hannu yake aunawa a jikin gora, manhajar ta juya zuwa santimita. Malam ya sa taƙi ɗaya 17. Wane babban mutum ne taƙinsa 17? Na auna nawa, na auna na maigadi, na mai da shi 22. A fayil ɗin da Iyayi ta haɗa na gyara, ban taɓa littafin ba. Ba ni da lokacin tatsuniya.

Juma'a, 6

Ta goge gyarana. 17 ya dawo.

Talata, 10

Sau uku ke nan. Ashe duk lokacin da ta tashi daga littafin take sake tsinto komai, abin da ba ya can ta watsar. Na yi kuka a bayan ofis don haushi. Gulbi na ta hawa, shinkafar mutane ta fara nuna, ni kuma ina kokawa da kayan wani. Na gaya wa Hajiya Laure, shugabar ƙungiya, zan rushe abin in rubuta nawa cikin sati. Ta ce, "Ki tai Argungu ki hwaɗa mai da bakinki." To, zan je. Tsoro nake ji?

Asabar, 14

Na sami Malam Sahabi a zaure, an rufe masa ido ɗaya da auduga. Na zazzage masa duka, har da 17. Ya bari na gama.

"Ɗiyata, kin karanta shafin da ad dab da lambar?"

Na ce Malam, kod nake karantawa, ba hira ba.

"Kwamfuta ba ta tambaya don mi. Wanda ka zuwa bayana shi ka tambaya, shi nir rubuta ma."

Ya sa aka kai ni bakin gulbi. Baba Tamba ya miƙo hannu zai karɓi gorata ta ruwa ya cika mini, sai na gani. Babban yatsansa da ɗan tsakiya duk guntaye ne, igiyar taru ta cinye su tun yana saurayi. Na rasa inda zan sa idona.

A mota na buɗe shafi na 31. Yana nan, sakin layi guda, har da ranar da Malam ya auna hannun da rula.

Talata, 17

Yau Baba Tamba ya aiko: taƙi goma sha biyu. Da 17, ruwa 204, layin haɗari 250, saƙo ya tafi: ku dakata. Da 22 ɗina 264 zai nuna, gida arba'in su yanke shinkafa ɗanya. 

Duk da haka kayan aiki ne mai wahalar banza. Ban janye ba.

Laraba, 25

An girbe shinkafar jiya, ta nuna sarai. Baba Tamba na fama da zazzaɓi, ƙanensa Ikrama zai riƙe awon. Na je da rula, taƙinsa 21. Na sa a littafin, tunda Iyayi ba ta jin magana sai a can. Na ɗan ƙara bayani: waye Ikrama, wane hannu, wace rana, da abin da za a yi in Baba ya warke. Ya kai shafi biyu, ban san yadda aka yi ba.

Hajiya ta tambayi sabuwar manhajar da na yi alkawari. Na ce sai bayan damina.

A saman shafi na 31 na rubuta da manyan baƙaƙe: kafin ka taɓa wannan lamba, je ka gaisa da mutumin.