Shanun Sambo Za Su Sauka a Gonata

Zuwa ga aminina Buba, a makwancinka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta masu zumunci, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Shekarar da ƙanƙara ta kwantar mana da gero yana gab da nuna, ita ce shekarar da ka fara sauke shanunka a gonata ta bayan Toranke. Gonar ta gaji a lokacin, ko ciyawa da kyar take fitowa. Ka tsaya a bakin shinge ka ce, "Kaɗo, ba ni kara in gyara maka ƙasa." Tun daga nan, duk kaka in na kwashe amfani sai ku kafa ruga, shanu su ci kara su bar mini taki. Ba mu taɓa kiran shaida ba. Da ka rasu, ɗanka Sambo ya ci gaba da zuwa.

To Buba, bana ana so in hana shi.

Zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, kuma ka san rediyona ba ya rabuwa da kunnena. Na ji ɗan takara ɗaya yana cewa tsaro ya samu albarkacin jam'iyyarsu, kowa ya kwana ƙofa a buɗe. Ba a jima ba na ji shi a wajen taro yana rantsuwa in ba a zaɓe shi ba 'yan bindiga za su shigo har ɗakunan matanmu. In an gama da su, su wa za su shigo? Abokin karawarsa kuwa, sanda yake cikin gwamnati cewa yake masu kukan tsaro ɓata sunan ƙasa suke yi. Yau da yake waje, wai ƙasa ta kama da wuta. Ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Ka tuna Ɗan'azumi, ɗan gidan mahauta? Shi ke riƙe lasifika a motar kamfe. Zaɓen da ya wuce ya tsorata mu da wannan ɗan takarar. Bana ya sake hula, yana tsorata mu da wancan, kuma ko kalma ɗaya bai sake ba. Ran kasuwar Gaya ya ce duk baƙon da aka gani da shanu ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne.

Sambo ne baƙo? Yaron da aka haifa a gonata, mai ɗakina ce ta dafa wa uwarsa ruwan wanka.

Maganar ta shiga ɗana Haruna. Ya zo ya durƙusa ya ce a sayar da karan bana, kada a ce gidanmu ne masaukinsu. Ya ƙara da cewa Ɗan'azumi ya yi alkawarin takin zamani bayan zaɓe. Nan na dube shi. Ɗan'azumin da ke so in kori takin da ke zuwa da ƙafarsa, shi ne mai rabon na buhu. Ban ce ya shirya ba, Allah ne masani. Na dai ƙi yarda.

Kada ka ɗauka ina musun bala'in. Na ga matan da suka gudo daga yamma a tasha, da 'ya'ya ba kaya, na kasa cin abinci ranar. Sai dai da na tambaye su, murya ƙasa-ƙasa suka ba ni labari. Ban ga ko ɗaya da lasifika ba.

Sambo ya ji abin da ake faɗa. Ya tsaya da shanun can wajen Kademi. Mun haɗu a kasuwa ya gaishe ni kansa a ƙasa, bai ce Bappa ba kamar yadda ya saba, sai ya ce Malam. Wannan ta fi komai yi mini ciwo. An ce in bai ji daga gare ni ba zai yi kudu, kuma na san in ya tafi haka ba zai dawo ba.

Na yi kewarka, Bafillace. Da kana nan da ka miƙo mini ƙwaryar kindirmo ka ce taurin kaina ya fi na bijiminka, mu yi dariya.

Allah ya haskaka kabarinka, ya tsare zuriyarka da tawa, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu. Masu tsorata mu kuwa, Allah ya san abin da ke cikinsu.

Gobe in na idar da asuba zan ɗauki gatari in buɗe shingen gabas. Daga nan in hau babur zuwa Kademi. Ni zan shigo gaban shanun da sandata, kuma ta ƙofar gidan su Ɗan'azumi za mu bi.

Naka har kullum,
Garba, Kaɗonka na Toranke.